Tsiro a cikin zuciya: Bayan na'ura ta gano, sai kuma me?

Idan za a iya tunawa, a ranar 12 ga Afrilun 2023 ne Ministan Lafiya na Kamaru, Dokta Manaouda Malachie, ya ƙaddamar da kashin farko na shirin kiwon lafiya ga kowa da kowa a garin Mandjou da ke yankin Gabas. Kafin nan, a watan Janairun 2022, Shugaba Paul Biya ya sa hannu a kan dokar kafa Jami'ar Garwa, wadda ke da tsangayar koyon aikin likita, ga kuma Babban Asibitin Garwa da aka gina da rancen Koriya ta Kudu. Ko shakka babu, wannan ci gaba ne ga mu mazauna Arewa, musamman 'yan kasuwar da ke kai da komo tsakanin Figil da Gidar da Garwa da Lere ta ƙasar Cadi da kuma Mubi ta Nijeriya.

Sai dai kuma kowane ci gaba yana zuwa da tasa tambayar. Yayin da likitoci da na'urorin bincike ke ƙara matsowa kusa da mu, haka za a riƙa gano cututtukan da a da ake binne mutum da su ba tare da an san sunansu ba. Abin tambaya a nan shi ne, idan na'ura ta gano ciwon da ba ya jin magani sai wuƙa, kuma wuƙar tana can nesa, me ya rage wa majiyyaci da iyalinsa? Babu ciwon da ya fi fito da wannan tambaya fili kamar wani tsiro da ke fitowa a cikin zuciya, wanda likitoci ke kira miksoma.

Zuciyar ɗan Adam ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma tsakanin na sama da na ƙasa akwai ƙofa mai buɗewa da rufewa a duk bugu. Jinin da ya ɗauko iska daga huhu yana sauka ne a ɗakin sama na hagu, ya bi ta ƙofa zuwa na ƙasa, daga nan a harba shi zuwa ƙwaƙwalwa da sauran sassan jiki. To, a wannan ɗaki na sama na hagu ne miksoma ya fi tsirowa, domin kusan uku daga cikin kowane huɗu a nan ake samun su. Tsoka ce mai taushi da santsi, wadda ke rataye da ɗan siririn wuya a jikin bangon da ya raba ɗakunan sama, tana lilo duk lokacin da zuciya ta buga. Wata ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, wata ta kai ƙwan kaza, wata ma har ta fi lemon zaƙi. Ta fi kama masu shekara 30 zuwa 60, kuma mata sun fi maza samun ta.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, miksoma ba ciwon daji ba ne. Da yawa daga cikinmu da zarar likita ya ambaci kalmar ƙari ko tsiro, sai gwiwa ta yi sanyi, a fara shirin rabon gado, a ce wannan ba na asibiti ba ne. Alhali shi wannan tsiro ba ya cin naman jiki kamar sankara, kuma idan aka cire shi da tushensa, mafi yawan mutane sun rabu da shi ke nan har abada. Abu na biyu kuma, rashin kasancewarsa daji bai sa ya zama abin wasa ba, domin wurin da ya zauna shi ne haɗarinsa.

Ta hanyoyi uku yake cutarwa. Ta farko ita ce toshewa. Duk mai sayar da zuwa-zuwa a bakin titi ya san abin da ke faruwa idan wani abu ya faɗa cikin mazurari: mai ya daina sauka, ya taru a sama har ya yi ambaliya. Haka tsiron ke yi wa ƙofar zuciya, sai jini ya koma baya ya taru a huhu, mutum ya riƙa haki daga ɗan tafiya kaɗan, ya kasa kwanciya rigingine, ƙafafu su kumbura. Wani ma yakan yanke jiki ya faɗi idan ya sunkuya ko ya miƙe, saboda tsiron ya faɗa bakin ƙofa, in ya sake juyawa kuma ya farfaɗo kamar ba shi ba. Idan toshewar ta cika, mutuwar farat ɗaya ce. Hanya ta biyu ita ce gutsurewa. Da yake tsokar mai taushi ce, ɓarɓashinta kan ɓalle ya bi jini, in ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki, in ta ido ce sai makanta, in ta ƙafa ce sai ƙafar ta mutu. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo sukan gamu da irin wannan. Ta uku kuwa ita ce wadda ta fi ruɗa mutane: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, rama, kasala, ciwon gaɓoɓi da ƙarancin jini.

A yankinmu, wa zai ji waɗannan alamomi ya yi tunanin zuciya? Zazzaɓi dai maleriya ce, in ta ƙi ji a ce taifot. Haki da tari da rama kuwa a ce asma ko tarin fuka. Wanda ya faɗi sumamme ya tashi garau, a ce iska ce ta taɓa shi. Matashiyar da ɓarin jikinta ya shanye ba ta da hawan jini ba ta da ciwon suga, a ce jifa ne ko sammu. Haka za a yi watanni ana sayen ƙwayoyi a teburin mai magani a kasuwa, ana ƙaho, ana sakiya, ana turare, kuɗi na ƙarewa, tsiro na girma. Hatta likita da abin sauraren ƙirjinsa yana iya ɗaukar ciwon a matsayin lalacewar ƙofar zuciya, irin wadda ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba, domin sautin da suke bayarwa ya yi kama, kuma wancan ya fi yawa nesa ba kusa ba a Afirka.

Wannan ne ya sa galibi ake gano miksoma ba zato ba tsammani. Mutum ya je asibiti don wani abu daban, ko awon da ake yi kafin tiyatar gwaiwa, ko binciken hawan jini, ko neman dalilin shanyewar jiki, sai a ɗora masa na'ura a ƙirji a ga wani dunƙule yana rawa a cikin zuciya. Na'urar kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, 'yar'uwar wadda ake duba mata masu juna biyu da ita ce, wato eko, sai dai kan da ake ɗorawa da kuma ƙwarewar mai dubawa sun bambanta. Ba allura, ba yanka, ba zafi, cikin abin da bai wuce rabin awa ba an gama. A garin Lund na ƙasar Suwidin ne wani likita, Inge Edler, da wani masanin kimiyya, Hellmuth Hertz, suka fara leƙa zuciya ta wannan hanya a shekarar 1953, ga shi yau an kai ga ƙera irin wadda likita zai sa a aljihu ya haɗa da wayar salula.

A nan akwai buƙatar mu bambance abu biyu da jama'a ke gwamutsawa. Awon da ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane-zane, yana nuna yadda wutar zuciya ke tafiya ne, ba ya nuna abin da ke cikin ɗakunanta. Ɗan ƙasarmu Arthur Zang ya yi suna a duniya da na'urarsa Cardiopad, wadda ke ɗaukar irin wannan awo a ƙauye ta aika wa likitan zuciya a birni, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2014 da wata ta injiniyoyin Afirka a 2016. Aiki ne abin alfahari, amma mai miksoma yana iya yin wannan awo ya fito lafiya lau. Don haka wanda aka ce masa "mun auna zuciyarka babu komai", alhali haki bai daina ba, yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi: wane awo aka yi, na wayoyi ko na hoto?

Bayan an ga dunƙulen, ba a nan take ake yanke hukunci ba. Gudan jinin da ya daskare a zuciya yakan yi kama da tsiro, shi kuwa maganinsa na tsinka jini ne. Haka nan ciwon daji da ya taso daga huhu ko nono ko ƙoda yakan kai zuciya, kuma irin wannan ya ninka tsiron da ya samo asali daga zuciyar kanta yawa sau da dama. Shi ya sa wajibi ne ƙwararren likitan zuciya ya sake dubawa, wani lokaci ta hanyar zura na'urar ta maƙogwaro don a gani daga baya, ko kuma a ɗauki hoto da manyan injuna. Amma da zarar an tabbatar miksoma ne, magani ɗaya ne tak. Babu ƙwaya, babu allura, babu sassaƙe ko saiwar da ke narkar da shi. Tiyata ce, kuma likitoci sun haɗu a kan cewa a yi ta da wuri, domin babu wanda ya san ranar da ɓarɓashi zai ɓalle.

Ita tiyatar ta daɗe a duniya. A 1953 ne Dokta John Gibbon ya yi nasarar amfani da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu a birnin Philadelphia na Amurka, shekara guda bayan haka, a 1954, Farfesa Clarence Crafoord ya cire miksoma daga zuciyar wata mata a Stockholm, ta kuma rayu shekaru masu yawa bayan aikin. Yadda ake yi shi ne, a sa mutum barci, a tsaga ƙashin ƙirji, a karkatar da jini zuwa injin, a tsayar da zuciya na ɗan lokaci, a buɗe ɗakin a ɗauke tsiron gaba ɗaya tare da ɗan yankin bangon da ya tsiro a kai, a toshe gurbin, sannan a tayar da zuciya ta ci gaba da aikinta. A cibiyoyin da suka ƙware, fiye da 95 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suna tashi lafiya. Majiyyaci kan yi mako ɗaya zuwa biyu a asibiti, ƙashin ƙirji kuma ya ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya haɗe sosai, don haka babu ɗaukar buhu ko doguwar tafiya a kan babur a wannan tsakani. Bugu da ƙari, saɓanin wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe, mai miksoma galibi ba ya buƙatar shan maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa. Tsiron kan dawo ga 'yan ƙalilan, shi ya sa ake son a riƙa komawa ana duba shi da eko lokaci-lokaci.

To, ga ciwo mai kisa, ga kuma magani tabbatacce wanda ya haura shekara 70 da samuwa. Ina gizo ke saƙar? A tsakanin hoto da wuƙa. A watan Nuwamban 2009 aka buɗe Cibiyar Zuciya ta Shisong, a asibitin Katolika na St. Elizabeth da ke Kumbo a yankin Arewa maso Yamma, da haɗin gwiwar ƙungiyoyin agaji na Italiya, kuma ita ce ta zama madogarar Kamaru da maƙwabtanta a fannin tiyatar zuciya. Sai ga rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya kunno kai a ƙarshen 2016, ya rikiɗe ya zama na makamai a 2017, Kumbo kuma na cikin garuruwan da abin ya fi shafa, har cibiyar ta koma yin wani ɓangare na aikinta a Yawunde. Babban Asibitin Duwala shi ma ya yi ta gudanar da irin wannan tiyata tare da ayarin likitoci masu zuwa daga Turai lokaci-lokaci. Ta gabas kuma akwai Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartum a 2007, inda ake aikin zuciya kyauta, amma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa hanyar ta zama mai haɗari ga baƙo.

Mu duba lissafin ɗan Figil. Daga garin zuwa Garwa kimanin kilomita 90 ne, daga Garwa zuwa Ngaundare kusan 280, ga gangaren dutsen nan da direbobi suka sani, sannan kwana guda cur a jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Jimla kusan kilomita 1,000, da mutumin da ko hawa matakala yana gagarar sa. Tun farkon shekarun 1970 masana'antar siminti ta Figil ke loda manyan motoci zuwa sassan Arewa, kowane buhu da takardarsa da motarsa da wanda ke jiran sa a inda za shi. Shi kuwa majiyyacin da aka gano wa tsiro a zuciya, sau tari abin da ake miƙa masa 'yar takarda ce da kalmar "ku tafi Kudu", ba tare da sunan likitan da zai karɓe shi, ko ranar aiki, ko adadin kuɗin da zai riƙe ba. Haka nan tsarin jiran ayarin likitocin waje yana da amfani ga ciwon da zai iya jira, amma miksoma bai san kalanda ba.

Sai batun kuɗi. Tiyatar buɗe zuciya aikin miliyoyin sefa ne, ban da kuɗin mota da masauki da abincin 'yan jinya da jinin da za a nema, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani, kamar yadda aka ƙayyade a 2023, sefa 60,000 ne a wata. Kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Kamaru daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, amma abin da ƙasarmu ta riƙa warewa bai kai rabin haka ba. Gaskiya ne kashin farko na shirin 2023 ya sauƙaƙa wa mata masu juna biyu da takardar nan ta sefa 6,000, ya kuma mayar da wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara, kuma mun yaba. Amma bai haɗa da tiyatar zuciya ba. Idan gwamnati za ta iya ɗaukar nauyin jinyar da ake maimaitawa kowane mako har tsawon rai, me zai hana ta ɗauki aikin da sau ɗaya ake yi, mutum ya koma rumfarsa ya ci gaba da biyan haraji?

Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin cewa jinkiri ma yana da farashi. Magidancin da ya ce bari ya sayar da albasar bana tukuna, ko a jira shanu su yi daraja a Adumri, in ɓarɓashi ya riga shi, abin da zai biyo baya shi ne shekaru a kan tabarma, jari ya narke, yara su bar makaranta, matar gida ta koma jinya, kuma duk da haka tsiron yana nan sai an cire. Wanda ya ƙi sayar da sa biyu yau, gobe garken duka zai tafi.

Wani zai ce ciwon ai ba shi da yawa, kuma haka ne, domin ƙiyasin masana bai wuce mutum ɗaya cikin miliyan biyu a shekara ba. Ba muna cewa duk mai haki ya ɗauka tsiro gare shi ba. Amma na'urar da ke gano miksoma ita ce dai ke gano lalacewar ƙofar zuciya a jikin yara da matasa, da kumburin zuciya sakamakon hawan jini, da raunin zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970 saboda yawansa a ƙasar Hausa. Hanyar da aka share wa mai miksoma, dubbai ne za su bi ta.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya da ta tabbatar asibitocin gundumomi irin na Figil da Gidar suna da na'urar eko mai aiki da ma'aikacin da aka horar, wanda zai iya aika hoton ga likitan zuciya a Garwa a ranar. A kuma kafa tsayayyar hanya ta tura majiyyaci, mai ɗauke da sunan asibiti da rana da farashi a rubuce, a sa tiyatar zuciya ta gaggawa cikin kashi na gaba na shirin kiwon lafiya, sannan a ɗauki ɗaliban Jami'ar Garwa a tura su koyon wannan fanni da sharaɗin su dawo gida, domin tiyatar zuciya ba aikin mutum ɗaya ba ce, sai da mai sa barci da mai kula da injin da ma'aikatan jinya da ma'ajiyar jini da wutar da ba ta ɗaukewa.

Mu ma akwai namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyinmu na kasuwa da ke tara kuɗin biki da na ta'aziyya da na belin kaya a hannun kwastan, lokaci ya yi da za su buɗe asusun jinya na musamman, mai littafi da shaidu, tun kafin buƙata ta taso. Attajiranmu da malamanmu su dubi wannan fanni wajen fitar da zakka da sadaka. Wanda aka gano wa ciwon ya karɓi rahoton a rubuce, ya adana hoton a waya, ya tafi da 'yan'uwa masu iya ba da jini, ya kuma yi hattara da dillalan da ke yi wa mutane romon baka da asibitocin ƙasashen waje, su karɓi kuɗi tun kafin wani likita ya ga takardunsa. Idan kuma tsiron ya fito wa matashi, ko aka same shi fiye da ɗaya, ko akwai wani a dangi da ya taɓa yi, to a duba iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwa, domin akwai nau'in da ake gado, wanda Dokta Aidan Carney ya bayyana a Amurka a 1985, ko da yake bai kai ɗaya cikin goma ba.

Daga ƙarshe, addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne. Mai haki ko suma da ba a san dalili ba, ko wanda jikinsa ya shanye da ƙuruciya, a kai shi a duba zuciyarsa da hoto. In an ga tsiro, kada a ce a bari sai bayan kasuwar Lahadi ta Pitowa, ko sai an sauke kayan da ke hanya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.